Mutumin Da Ya San Ƙeyar Kowa

Mijin yayata mai aski ne, kuma in ka tambayi mutanen layinsu za su ce maka iyakarsa ke nan. Shago ɗaya, kujera ɗaya mai juyawa, bencin masu jira, da madubi mai faɗin bango wanda ya tsage a kusurwar ƙasa tun ina sakandare. Ba su san akwai mutum wajen dubu uku a cikin waya da ke kiransa Ƙeya, suna jiran zanensa kamar yadda ake jiran a kawo wuta ba. Ni na sani, domin ni na kai shi wurin, kuma har yau ban samu wanda ya gode mini ba.

Ni ce autar gidanmu. Ina aiki a ɗakin gwajin jini, ina manna sunaye a jikin kwalabe daga safe zuwa azahar, in na samu sarari kuma in rubuta labari. A zauren da zan ba ku labarinsa sunana Barkono. Ba ni na zaɓa ba.

Shi kuwa ɗan direban babbar mota ne, na huɗu cikin bakwai, kuma kunyar gidansu gaba ɗaya a kansa aka sauke ta. A makaranta bencin ƙarshe yake zama don kada malami ya gan shi, saboda haka shekara shida ba abin da ya kalla sai bayan kan 'yan ajinsu. Shi ya riƙa zanawa a gefen littafin lissafi. Ranar da malamin ya kama littafin, sai ga shi yana gane kowa ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan wata ƙeya mai ninki biyu da kunne kamar hannun tukunya, ya tsaya, ya shafa tasa. Ya ja masa kunne sosai, amma littafin bai dawo da shi ba. Da ya bar makaranta aka kai shi koyon kanikanci ya gudu, aka kai shi shagon tufafi ya gudu, domin duka biyun sai ka dubi mutum ido cikin ido. Da kansa ya kai kansa wurin wani tsohon mai aski. Ya ce ita kaɗai ce sana'ar da za ka wuni kana hira da mutane kana tsaye a bayansu.

A cikin madubin nan ya fara ganin Yaya. Babanmu ya tashi daga jinya, gashi ya yi masa yawa, ta riƙo hannunsa ta kawo shi, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Mai aski bai waiwaya ba ko sau ɗaya, amma askin minti goma ya ci kusan awa guda, har Baba ya tambaya ko ƙirga gashin ake yi. Bayan wata takwas aka yi aure. Yanzu shekara talatin da ɗaya, 'ya'ya biyu duk sun kama gabansu, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Ba ya manta maganin hawan jininta. In ta yi tari a ɗaki, kafin ta rufe baki ya kawo ruwa. Sai dai in zai miƙa mata ruwan, kofin yake kallo. In suna hira, da murfin tukunya yake yi, ko da agogon bango, ko da babban yatsan ƙafarsa.

Yaya tana da tawadar Allah ƙarama a ƙarƙashin idon hagu. Duk lokacin da muka taru, sai ta ce, "Baban yara, wane gefe tawadata take?" Shi kuma ya ce, "Dama," da ƙarfin gwiwa, domin a dama ya gan ta a madubi ranar farko, kuma a nan ta zauna masa. Mu fashe da dariya, ita ma ta yi. "An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum," in ji ta. "To ni ko rainin ma ban samu ba." Na daɗe ina ɗaukar wannan wasa ne. Sai da na girma na lura ita ce ke fara daina dariyar.

Yanzu bari in gaya muku Shirin. Wasan kwaikwayo ne na rediyo, yana da suna, amma mu Shirin kawai muke ce masa, kamar babu wani a duniya. Labarin wani matuƙin kwalekwale ne mai tabo a kuncin hagu, da matarsa wadda ke kunna fitila a bakin kogi don ya ga hanyar dawowa. Matuƙi da Mai Fitila. Shekara tara ana yin sa duk yamma, kuma duk wanda ya zauna a kujerar aski ƙarfe biyar ya san zai jira rabin awa da rabin kai. Wata rana Matuƙi ya tura kwalekwale ya haye, aka sa kiɗan rufewa, washegari aka sa shirin kiwon kaji a madadinsa. Shi ke nan. Ba bayani, ba ban haƙuri. Mijin yayata ya yi sati yana aski kamar mai takaba.

Mu da abin ya tsaya mana a maƙogwaro muka haɗu a intanet, muka buɗe zaure, muka shiga ci gaba da labarin da kanmu. Wani ya dawo da Matuƙi da dukiya, wata ta nutsar da shi don ta sa mu kuka, wani ya mai da su ɗalibai a jami'a, abin da har yau ban yafe masa ba. Kuma da yake rediyo ne, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Nan masu zane suka samu aiki. Marubuci ya rubuta, mai zane ya ba mutanen jiki.

Wata rana na je shagon kai masa saƙon Yaya, na tarar da tsohuwar kalanda a kife kan benci. Na juya ta. Ga mutum a tsaye cikin kwalekwale, ya ba mu baya, sanda a hannu, wuyansa ya ɗan karkata kamar yana son waiwayowa amma ya hana kansa. Sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗauki hoto na saka a zaure ban tambaye shi ba, abin da ya sa ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata. A rana ta huɗu na nuna masa mutum ɗari biyu da suka yi sharhi, ya karanta tsaf har ƙasa, ya ce, "Auta, ya ake shiga abin nan?"

Haka aka samu Ƙeya. Sunan ya zo da kansa, domin a shekara shida bai zana mutum yana fuskantar mu ba. Ko dai baya, ko gefen kunne, ko kuma fuska a cikin ruwa, a gilashin taga, a jikin buta mai sheƙi. Da biro yake zane a bayan kalanda ko kwalin hoda, tsakanin kai da kai, ya ɗora a kujerar aski ya ɗauki hoto. Akwai wani malamin zane a zauren da ya rubuta dogon sharhi kan 'yan ɗige-ɗigen baƙi da Ƙeya ke watsawa a sararin sama, ya ce alama ce ta kaɗaici. Gashin wani direban tasi ne. Na roƙe shi kada ya faɗa, bai faɗa ba, ya dai fara hure takardar kafin hoto, sai mutane suka yi ta ƙorafi wai ya sauya salo.

Sai kuma yaƙin tabo. Duk sanda fuskar Matuƙi ta fito, tabon a dama yake. A ruwa da gilashi daidai ne, haka ya kamata. Amma ko gefen kunci ya zana daga baya, sai tabon ya tsallaka dama, domin mutumin da ya shekara arba'in yana ganin fuskoki a madubi, hagun duniya ta koma masa dama. Akwai wani a zauren, Mai Kundi muke ce masa, wanda ya haddace Shirin kashi-kashi. Ba ya gajiya. "Kashi na sittin da biyu, minti na bakwai: kuncin hagu." Mijin yayata kullum amsa ɗaya yake ba shi: "Na gode, Malam. Za a gyara." Ba a taɓa gyarawa ba.

Amma marubuta rububinsa suke yi, kuma ga dalili. Sauran masu zane in ka ba su labari, tambayarsu ita ce wane launi ne rigar. Shi sai ya aiko maka da saƙon murya, kana jin ƙarar kilifa a baya: "Wannan mutumin naki, wa ke yi masa aski? Shi yake zuwa ko sai matarsa ta kore shi? In an yi masa faɗa, wuyansa shiga yake cikin riga ko fita yake?" Nan za ka gane ashe ba ka san mutumin da ka rubuta shafi arba'in a kansa ba. Wata ma'aikaciyar banki ta rushe babi uku saboda ya ce mata mai irin wannan wuyan ba zai nemi gafara da baki ba, sai dai ya gyara ƙofar da ta lalace. Ya ce fuska tana iya yin ƙarya, tun tana ƙarama ake koya mata, amma ba wanda ya taɓa koya wa ƙeya. Da ƙeya yake gane wanda aka kora daga aiki tun kafin ya faɗa.

Sau ɗaya a shekara muna yin abin da muke kira Gamayya. Marubuta su miƙa taƙaitaccen labarinsu ba suna, a lamba su, masu zane su zaɓa a makance, sannan a bayyana wa kowa abokin aikinsa. Wata uku, labari ɗaya, zane uku, kuma marubuci ne ke faɗin wuraren da za a zana. Mai kula da wannan wata ce da muke kira Hedimasta, ba mu san ko aikinta ke nan ba, amma ta cancanta. Dokarta ɗaya ce: wanda bai cika zanensa ba, a ba wa mai ceto ya ƙarasa, shi kuma ya huta shekara biyu. Ƙeya bai taɓa saɓawa ba.

Bara, cikin labari arba'in da uku, ya zaɓi lamba goma sha huɗu. Nawa ne.

Na yi salati da na gani. Labarina a kan dawowar Matuƙi ne bayan shekara ashirin, ba dukiya, ba dalili mai kyau, tsoho kawai da ya gaji. Kuma duk shafi sittin ɗin tafiya suke zuwa wuri ɗaya: ya ƙwanƙwasa, Mai Fitila ta buɗe ƙofa, ya dubi fuskarta. Fuskar ce labarin. Ba yarinyar nan mai gashin ido kamar tsintsiya da kowa ke zanawa ba, mace da ta tsufa tana jira.

Ya kira ni yana murna. "Ashe ke ce, Auta! Abin nema ya samu."

"Ka karanta ƙarshen?"

"Na karanta. Za a san yadda za a yi."

Na farko da na biyu sun zo cikin sati uku, kuma wallahi ba a magana. Matuƙi a bayan motar haya, wuyansa ya yi laushi kamar tsohon tawul. Matuƙi a bakin kogi, yana kallon fitila daga nesa. Sai na uku. Ya aiko da Mai Fitila a jikin gilashin fitilarta. Na ce a'a. Ya aiko da ita a cikin bokitin ruwa a bakin ƙofa. Na ce wa ya ajiye bokiti a labarina? Ya aiko da ita ta ɗaga fitilar daidai fuska, haske ya rufe komai. Na ce wannan wayo ne, kuma ni ma na iya. Ya aiko da bayan kan Matuƙi ya cika takarda, ita kuma kunnenta kaɗai ke leƙowa.

"Ai a ƙeyarsa za a ga abin da ya gani," in ji shi.

"Malam, labarin zuciya a tambayi fuska aka ce. Ba a ce a tambayi kunne ba."

"Waɗanda suka faɗi haka ba su yi aski ba."

Na san zan iya sassautawa. Sauran marubuta da sun karɓi na bokitin sun yi godiya. Amma shekara biyu na yi ina rubuta labarin nan a lokacin cin abincin rana, kuma ni ba a banza ake ce mini Barkono ba. Muka yi ta ja har saura kwana tara, aski ya zo gaban goshi.

Ranar wata Asabar na je gidansu da rana da niyyar lallashi. Yaya tana yankan albasa a tsakar gida, shi yana gyara igiyar shanya. Na fara a hankali, ya amsa wa igiyar. Na ƙara, ya amsa wa guduma. Ya ce ya gwada, Allah ya sani ya gwada, ya ɓata kalanda guda, amma duk fuskar da ya zana kai tsaye sai ta fito kamar ta hoton katin shaida. Ya ce ba ya iya riƙe fuska in ba gilashi a tsakani. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina.

"To ai ba mamaki. Mutumin da shekara talatin bai san inda tawadar matarsa take ba, ina zai san fuskar mai jira?"

Na saurari dariya, domin wasan gidan ne. Ba wanda ya yi. Wuƙar Yaya ta tsaya a kan katako. Shi kuma ya ajiye guduma a hankali, ya sa takalmi, ya ce yana da mutum a shago. Na bi bayansa da kallo, kuma ko ni da ba mai aski ba na ga wuyan ya shige cikin riga.

"Auta," in ji Yaya, ba ta ɗago ba, "ni na ce ki rama mini?"

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yarinya. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba, kuma albasa ce ke sa ta hawaye, kada in sa wani abu a raina.

Washegari Hedimasta ta turo mini saƙo. Ƙeya ya rubuta mata cewa a nemi mai ceto, kuma bayan Gamayya zai bar zauren gaba ɗaya, wai tsufa ya zo. Ta ce ba ta san me na yi masa ba, amma ta san ni, don haka ta ba mu zuwa Litinin ƙarfe shida na yamma. In zane bai zo ba, za ta ba wa wata yarinya mai zanen manyan idanu. Na kira shi sau bakwai bai ɗaga ba. Na tura masa cewa na karɓi na bokitin. Ya amso da layi ɗaya: "Gaskiya kika faɗa, ba sai kin karɓa ba." Wannan ya fi zagi ciwo. Na gane ba zanen nake shirin rasawa ba. Mutum ne da ya samu wuri ɗaya a duniya inda kunyarsa ta zama abin yabo, ni kuma na shiga da takalmi na tattake.

Litinin ba ya buɗe shago, ranar wanke tawul da sa wa kilifa mai ce. Ina tashi daga aiki ƙarfe biyu na ga Yaya a bakin ƙofar ɗakin gwaji, ta sha ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto.

"Wuce mu je," ta ce.

"Ina?"

"Aski."

Muka same shi ya baje kayan aiki a kan jarida. Ya gan mu a madubi, ya yi wa buroshi sannu da zuwa. Yaya ta ajiye jaka a benci, ta taka, ta hau kujerar aski, wadda a iya sanina ba ta taɓa zama a kai ba, ta gyara zama.

"An ce kana neman fuskar tsohuwar da ta gaji da jira. Ga ta nan, ba sai ka je nesa ba."

"Haba, Maman yara."

"Ɗauko bironka. Na bar wanki a jiƙe."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya jawo kalanda, ya samu wata da bayansa ke da fari, ya tsaya a bayan kujera inda ƙafafunsa suka cinye simintin, ya ɗaga ido ya dubi madubi. Hannunsa ya fara tafiya nan take, da sauƙi, kamar kullum. Na buɗe baki, Yaya ta harare ni ta cikin gilashin, na rufe.

"Baban yara," ta ce. "Ba waccan ba. Waccan ba ta haifa maka ko ɗaya ba."

Biro ya tsaya. Ina jin fanka tana juyawa, da wani mai gyaran babur yana buga ƙarfe a waje. Wanzami ba ya son jarfa, na sani, amma ban taɓa ganin mutum ya ji tsoron kujerarsa ba sai ranar. Ya ajiye takardar. Ya kama hannun kujerar kamar yadda yake yi in an gama aski, ya juya ta a hankali har madubi ya koma bayanta. Ya jawo ɗan kututturen da yake takawa in zai ɗauko abu a sama, ya zauna a gabanta.

Ni ina benci a bayansa, saboda haka abin da na gani ƙeyarsa ce. Furfura ta cinye ta, kuma askin bai yi daidai ba, domin shi yake yi wa kansa. Ta sunkuya, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Sai ta ɗago ta tsaya.

"Hagu ce," ya ce.

"Sannu da ƙoƙari."

Ya ci gaba da kallonta. Yaya da ta zo da bakinta sai ga ta tana wasa da bakin mayafi kamar yarinya.

"Wannan fa? A girarki. Yaushe kika ji ciwo?"

"Ƙofar kabad ce. Shekarar da babba ya gama makaranta."

"Shekara goma sha ɗaya ke nan."

"Kai ka kai ni aka ɗinke. Kai ka riƙe mini jaka."

Ban ga fuskarsa ba, kuma ban so in gani ba. Na ga dai kafaɗunsa sun sauka, ya kai bayan hannu ya goge wani abu. Yaya ta miƙa masa ɗaya daga cikin tawul ɗin da ya wanke, ta ce ya yi sauri kafin wuyanta ya ƙage, kuma in ya kuskura ya zana duk layukan goshinta sai ta kai ƙararsa wurin Hedimasta. Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ɗauki biro. Na ɗauki jakata na fita, na zauna wurin mai gyaran babur ina ba shi shawarar da bai nema ba har kusan awa uku.

Shida saura kwata zanen ya shiga zaure. Mace a bakin ƙofa, fitila a ƙasa wajen gwiwarta, ba ta murmushi, ba ta kuka. Fuskar wadda ta tanadi faɗa na shekara ashirin, ta buɗe ƙofa ta neme shi ta rasa. Duk layukan goshin suna nan, bai rage ko ɗaya ba. Na koma labarina na goge shafi biyu da rabi da na ɓata ina bayanin fuskar, na bar layi ɗaya: ta buɗe, ya dube ta.

Ranar bayyanawa zauren ya kusa tsagewa. Malamin zane ya ce sabon babi ne a tarihin Ƙeya. Ma'aikaciyar banki ta ce ta yi kuka a gaban kwastoma. Mai Kundi kuwa, Allah ya bar mana shi, ya rubuta: "Na bi kashi dubu biyu da ɗari ɗaya da shida. Babu inda aka ce Mai Fitila tana da tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu, balle tabo a gira." Muka zuba ido muna jiran za a gyara.

Ƙeya ya amsa: "Tana da su, Malam. Na duba."

Bai bar zauren ba. Har yanzu ƙeya yake zanawa, tabon Matuƙi yana nan a dama, kuma da murfin tukunya yake yawancin hirarsa, mutum ba ya sauya hali a shekara sittin don ƙanwar matarsa ta yi rashin kunya. Ya ce ba zai sake zaɓar labarina ba ko da shi kaɗai ya rage, na ce ni ma ban roƙa ba. Zanen yana ɗakin Yaya a cikin gilashi, in ka juya bayansa watan Yuni ne da tallan man gashi.

Kwanaki da muka taru, ƙaramar 'yarsu ta so tayar da tsohon wasan, ta ce, "Mama, ba ki tambayi Baba wane gefe ba." Yaya tana zuba shayi. Ta ce ta daina wannan tambayar. Ta miƙa masa kofi, ya karɓa, kuma sai da ta ce masa zai zubar sannan ya dubi kofin.